Dararen Atlanta, da Abin da Akwatin Talabijin Bai Nuna Mana Ba

Gani ya kori ji, in ji masu iya magana. Nijeriya ta fara aika 'yan wasa zuwa gasar Olamfik tun 1952 a birnin Helsinki, kuma a 1964 wani ɗan dambe mai suna Nojim Maiyegun ya kawo mata lambar tagulla daga Tokyo, wadda ita ce lambarta ta farko. Amma iyayenmu a rediyo suka ji wannan, ko kuwa wani mai ilimin boko ya karanta masu a jarida bayan kwana biyu. Gasar da ta shigo mana har tsakar gida, muka sha ta da idanunmu, ita ce ta birnin Atlanta na ƙasar Amurka a 1996. Har yanzu in aka ambaci Olamfik a teburin mai shayi, ko a Kaduna ne ko Jos ko Yola, can hankalin manya yake komawa.

Tsakaninmu da Atlanta akwai ratar sa'a 5. Wasan da aka fara can da yamma lis, a nan an riga an rufe ƙofar gida. Talabijin kuwa ba kowane gida ke da ita ba, kuma duk wanda Allah ya hore masa, to ya sani ta unguwa ce. Sai a fito da ita ƙofar gida a ɗora bisa tebur, yara su baje a tabarma, manya su jeru a benci, mata su leƙo daga zaure. Akan sami yaro guda wanda aikinsa riƙe gorar eriya, yana juyawa ana yi masa ihu, “Ya yi, ya yi, tsaya nan!” Mai ƙaramar baƙi-da-fari ma ya fi mai kala kwanciyar hankali, domin in wuta ta ɗauke sai a jona mata batirin mota a ci gaba.

Ya kamata mai karatu ya tuna halin da ƙasa take ciki a lokacin. A watan Nuwamba na 1995 aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum 8, ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ta dakatar da Nijeriya. A watan Janairu na 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta hana Super Eagles zuwa Afirka ta Kudu su kare kofin Afirka da suka ci a Tunisiya a 1994. Watau da ƙishirwa muka zauna gaban akwatin nan.

Yaranmu sun ci Hangari 1-0, sun ci Japan 2-0, Birazil ta ci su 1-0, sannan suka fitar da Meziko da 2-0. Sai ga Birazil kuma a wasan kusa da na ƙarshe, ran 31 ga Yuli, a wani gari mai suna Athens cikin jihar Jojiya. Bebeto na ciki, da Ronaldo, da Roberto Carlos, ga Dida a raga. Ko gyara zama ba mu yi ba suka jefa mana ɗaya. Roberto Carlos ya ci gidansu aka yi kunnen doki, amma kafin hutun rabin lokaci an koma 3-1. Da aka dawo muka sami bugun daga kai sai mai tsaron gida, aka buga, Dida ya tare. A nan ne benci ya fara yin sauƙi. Dattawa suka kaɗe riga suna cewa gobe akwai aiki, wasu iyaye suka kora yara ciki. Waɗanda suka tafi a wannan lokacin har yau ba su son a tayar da zancen.

Saura minti 12 Victor Ikpeba ya rama ɗaya. A minti na 90 Jay-Jay Okocha ya yi doguwar jifa cikin da'irar Birazil, ƙwallo ta faɗo gaban Nwankwo Kanu ya ba raga baya, ya ɗaga ta sama kaɗan, ya juya ya tura ta ciki. A wancan zamani akwai dokar da ta ce wanda ya fara ci a ƙarin lokaci shi ya yi nasara nan take, dokar da aka soke daga baya. Minti 4 da komawa, Kanu ya yaudari mai tsaron baya ya sake zura ta. 4-3. Waɗanda suka je suka kwanta, ihun unguwa ne ya tashe su, wasu suka fito da zani a kafaɗa suna zaton gobara ce.

Ran Asabar 3 ga Agusta aka kara da Ajantina. Sau biyu suna wucewa gaba, sau biyu ana kamo su: Celestine Babayaro da ka, ya bi da alkafurar nan tasa, sannan Daniel Amokachi. A minti na 90 kuma 'yan bayan Ajantina suka ruga gaba don a kama namu da satar gida, Emmanuel Amunike ya tsaya daidai, ya ci ta uku. Alƙalin wasa Pierluigi Collina ya ce ta ciwu. Karo na farko ke nan da wata ƙasar Afirka ta ci zinariyar ƙwallon ƙafa a Olamfik. Mu a nan Arewa muna da wani dalilin murna na daban, domin Babayaro da wansa Emmanuel, da Amokachi, da Garba Lawal, da Tijjani Babangida duk haihuwar Kaduna ne. Mutanen Kaduna ba baƙi suke kallo a akwatin ba, yaran da suka saba gani suna buga ƙwallo a filin ƙasa ne. Washegari Lahadi muryoyi da yawa sun dishe.

Sai dai wannan ba ita ce zinariyarmu ta farko ba. Kwana ɗaya kafin nan, ran 2 ga Agusta, wata 'yar sanda 'yar jihar Imo mai suna Chioma Ajunwa ta yi dogon tsalle na mita 7.12 a yunƙurinta na farko, kuma har aka tashi ba wadda ta kamo ta, har da shahararriyar Ba'amurkiyar nan Jackie Joyner-Kersee wadda ta zo ta uku. Tsakar dare ne a wurinmu, ba a fito da benci domin dogon tsalle ba, yawancin jama'a da safe suka ji. Falilat Ogunkoya ta ci tagulla a gudun mita 400, Mary Onyali a mita 200, Duncan Dokiwari a dambe, matanmu kuma suka ci azurfa a tseren miƙa sanda. Lambobi 6 ke nan, kuma 4 daga ciki mata ne suka kawo su. In ka tambayi masu hirar Atlanta a yau, da wuya ka sami wanda zai lissafa maka uku.

To, a nan ne muke ganin akwatin ya yi mana rowa. Ya nuna mana daƙiƙoƙin da Ajunwa ta yi a iska, bai nuna mana shekara 4 da ta yi a zaune ba, bayan an dakatar da ita a 1992 kan gwajin ƙwayoyi, laifin da ta dage cewa ba ta aikata da saninta ba. Bai nuna mana yadda tsohon ɗan ƙwallo Segun Odegbami ya tsaya mata har ta sami wurin atisaye a Ingila ba. Su ma 'yan ƙwallon sun sha faɗi daga baya cewa a sansaninsu na Florida da kuɗin aljihunsu suka riƙa toshe wasu ɓarakoki. Abin da ɗan kallo ya gani shi ne minti na 90, har sau biyu cikin kwana huɗu. Daga nan wata mummunar fahimta ta zauna mana a zuciya, cewa ɗan Nijeriya ba ya bukatar shiri, in ta yi tsanani zai san yadda ya yi. Alhali kuwa ba a fafe gora ranar tafiya, kuma waɗancan yaran ba ranar tafiya aka fafe su ba. Kanu da Babayaro da Wilson Oruma tun 1993 suka ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Japan, wasunsu kuma sun buga gasar kofin duniya ta 1994.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. A Landan a 2012 ko lamba ɗaya ba mu samu ba. A 2016 'yan ƙwallonmu suka maƙale, a ina? A Atlanta ɗin dai, saboda rikicin jirgi, suka sauka garin Manaus na Birazil sa'o'i kaɗan kafin wasansu da Japan, suka kuma ci 5-4. Muka yi ta tafi muna cewa ai mu ke nan. Tagullar da suka kawo, wadda wani ɗan Kaduna, Sadiq Umar, ya ci ƙwallo 2 a wasan neman ta, ita kaɗai ce lambarmu a gasar. A Tokyo a 2021 an hana 'yan guje-guje da tsalle-tsallenmu 10 shiga fili saboda ba a yi masu adadin gwajin da doka ta tanada ba. A Paris a 2024 Favour Ofili ta cancanci gudun mita 100, amma ba a shigar da sunanta ba, kuma tawagar ta dawo hannu rabbana. Abin faranta rai a can shi ne 'yan matanmu na ƙwallon kwando, waɗanda suka doke Ostireliya da Kanada suka kai zagayen ƙasashe 8, matakin da wata ƙungiyar Afirka, ta maza ko ta mata, ba ta taɓa kaiwa ba.

Akwai ma zinariyar da ba wanda ya kalla. 'Yan tseren miƙa sanda na maza sun zo na biyu a Sidni a 2000, daga baya aka ƙwace ta Amurka saboda ƙwayoyi, aka tabbatar wa namu a 2012. Sunday Bada, ɗaya daga cikinsu, ya rasu a watan Disamba na 2011, bai gan ta ba.

Yau kallon ma ya sake kama. Kowa da wayarsa a hannu, a tura maka guntun hoto na daƙiƙa 30 ka gani kai kaɗai a kan gado. Gidajen kallo suna cika maƙil ranar wasan Ingila ko Sifen, amma muna shakkar a sami mai gidan kallo da zai ƙona man janareta domin kokawa ko gudun mita 400. Mu kuwa da ke da dambe da kokawa tun kaka da kakanni, da yaran tsaunukan Filato da Mambila masu dogon numfashi, sai mu tambayi kanmu yaushe rabon da mu je kallon gasar wasanni ta makarantar 'ya'yanmu, in har filin makarantar yana nan ba a yanka shi filoti-filoti ba.

Gasa ta gaba a Los Angeles za a yi ta, a watan Yuli na 2028. Ratar lokaci a wannan karon sa'a 8 ce, watau abin da za a fara can da ƙarfe 7 na yamma, ƙarfe 3 na dare ne a Kaduna. 'Yan ƙwallonmu maza ba su je Tokyo ba, ba su je Paris ba, ga shi kuma an rage ƙungiyoyin maza daga 16 zuwa 12.