Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka sayi keken hawan tsauni

Duk wanda ya shiga shagon kekuna yakan tarar da guda biyu a jere. Ɗaya yana sheƙi, da wani ƙaton sifirin a tsakiyarsa da rubuce-rubuce a jiki, ga shi da araha. Ɗayan ba shi da wani ado, bayansa sandararre ne, amma kuɗinsa ya ninka na farkon. Ido yakan ja mutum wajen mai sheƙin. Wanda ya daɗe yana hawa kuwa na biyun zai kama. Bayanin nan na mutumin da ke son ya riƙa fita ranar hutu ne, ya bi hanyar burji da turbar gona, ya ɗan taɓa hawa da gangara, ba mai shirin shiga gasa ba.

Me ya bambanta shi da keken da muka saba?

Keken Raleigh da Phoenix da iyayenmu suka hau an ƙera su ne don ɗaukar kaya da tafiya a miƙe. Keken tsauni kuwa wasu matasa ne suka faro shi a yankin Marin na jihar Kaliforniya a Amurka cikin shekarun 1970, suna gyara tsofaffin kekuna suna gangarowa da su daga duwatsu. Joe Breeze da Gary Fisher da Tom Ritchey na cikin waɗanda suka fara ƙera shi. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper, ɗaya daga cikin na farko da aka yi da yawa don kasuwa, a 1996 kuma wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Tayar keken tsauni mai faɗi ce mai haƙora, kansa a miƙe yake, giyarsa kuma tana sauka ƙasa sosai yadda za ka hau tudu kana zaune.

Matsakaicin keke shi ne irin su Trek Marlin da Giant Talon da Specialized Rockhopper. Firem ɗinsu na alminiyom ne, nauyinsu yakan kai kilo 13 zuwa 15.

Shok a gaba kawai, ko gaba da baya?

A nan mutane suka fi faɗawa rami. Keke mai shok gaba da baya abu ne mai kyau idan na gaske ne, amma na gasken tsada gare shi, ga kulawa da yake nema. Wanda ake sayarwa da araha kuwa sifirin ne kawai aka ɗaura masa, babu abin da ke danne shi. Kana taka feda yana lilo da kai, ƙarfinka yana tafiya a banza, ga nauyi kamar buhun siminti. Bayan wata shida gaɓoɓin tsakiyar sun saki, keken yana karkarwa.

Don haka mai matsakaicin kuɗi ya nemi mai shok a gaba kawai. Kuɗin da ba a kashe a bayan ba shi ne ya tafi wajen birki da giya da wili masu inganci. Shok mai nutsewar milimita 100 zuwa 120 ya wadatar. Akwai mai sifirin na ƙarfe, kamar SR Suntour XCT da XCM, akwai kuma mai iska wanda ake bugawa da ƙaramin famfo na musamman daidai da nauyin mahayi. Mai iskan ya fi daɗi da sauƙin nauyi, musamman ga marar jiki da mai ƙiba sosai, domin mai sifirin an daidaita shi ne da matsakaicin mutum. Ka danna shi da hannu biyu a shago. Idan ya nutse ya taso a hankali, madalla. Idan ya dawo da ƙarfi yana ƙara "kwas", ka nemi wani.

Girman keken ya fi sunan kamfanin muhimmanci

Keken da bai yi maka daidai ba, ko nawa aka saye shi, ciwon baya da gwiwa zai jawo maka, ƙarshe ka jingine shi a zaure. Ana rubuta girman da haruffa: S, M, L, XL. Galibi mai tsawon santimita 165 zuwa 175 M yake hawa, wanda ya ɗara haka zuwa 185 kuma L, sai dai kowane kamfani da nasa awon. Ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, dole a sami tazara tsakaninka da sandar sama. Ka hau sirdi ka ɗora dunduniya a kan feda tana ƙasa, ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ka karkata ba. Kada mai shago ya ce maka "za ka saba". Ba a sabawa da keken da ya fi ƙarfin mutum.

Batun wili ba shi da wahala. Inci 29 ya fi haye duwatsu da ramuka cikin sauƙi, 27.5 ya fi dacewa da gajeren mutum. Inci 26 tsohon yayi ne a Turai da Amurka, amma a kasuwanninmu tayarsa da tiyub ɗinsa sun fi samuwa, kuma wannan ba ƙaramin dalili ba ne ga wanda ke nesa da babban birni.

Birki da giya

Ka nemi birki mai faifai, in da hali mai aiki da mai. Yatsa ɗaya ya isa ya tsayar da kai a gangara, ko da taɓon damina ya lulluɓe wilin. Shimano MT200 shi ne wanda aka fi gani a wannan aji, kuma yana da juriya. Abu ɗaya za ka kiyaye: birkin Shimano da man ma'adinai yake aiki, idan makanike ya zuba masa man birkin mota robobin ciki za su lalace. Wanda babu mai iya gyaran irin wannan a kusa da shi, gara ya ɗauki mai faifai da ake ja da waya.

Yawan giya ba shi ne inganci ba. Keken da aka rubuta wa giya 21 sau da yawa bai kai mai 10 ko 11 ba. Kayan Shimano hawa-hawa ne: Tourney a ƙasa, sai Altus da Acera da Alivio, sannan Deore. Daga Deore ne ake shiga kayan da aka yi don jeji da gaske. Kekunan yanzu da yawa faranti ɗaya gare su a gaba mai haƙora 30 ko 32, a baya kuma babban ya kai 46 ko 51. Sarƙa ba ta yawan zamewa, kuma hannu ɗaya ne ke canja giya.

Ƙaya da ƙura

Abokan gabar mai keke a ƙasarmu ke nan. Tsidau da ƙayar bagaruwa za su iya sa ka faci sau biyu a fita ɗaya. Idan taya da gargaren na irin da ake hawa ba tiyub ne, ana zuba musu wani ruwa mai kauri da ke toshe hudar ƙaya nan take, sai dai zafi yana busar da shi, dole a riƙa ƙarawa bayan 'yan watanni. In ba haka ba, ka riƙa fita da tiyub na ko-ta-kwana da famfo. Lokacin hunturu kada ka jiƙa sarƙa da baƙin mai, ƙura za ta manne ta cinye haƙoran. Ka goge ta da tsumma, ka ɗiga mai kaɗan, ka sake gogewa.

Idan na hannu za ka saya

Ɗan gwanjo na kamfanin kirki yakan fi sabon da ba a san asalinsa ba. Ka duba wajen walda, musamman kusa da wuyan keken, ko akwai tsagewa, domin alminiyom da ya tsage ya gama aiki. Ka ɗaga wili ka juya shi ka ga ko yana layi. Ka kama birkin gaba ka jijjiga keken ka ji ko wuyan yana motsi. Ka tafi da mai gyaran keken da ka amince da shi, ka tambaye shi ko zai samo maka takalmin birkin da sarƙar idan sun cinye. Kuma kafin ka biya, ka ware kuɗin hular kwano daga cikin abin da ka tanada, kada ka fita jeji ko sau ɗaya babu ita.