Yadda Ake Fitar Da Mutum A Gasar Rawar BBC: Tsakiyar Jeri Ya Fi Ƙarshensa Haɗari

Yau za mu leƙa Ingila, kan gasar rawa ta tashar BBC mai suna Strictly Come Dancing, wadda aka fara tun 2004. Na san wasu za su ce to mu ina ruwanmu da rawar Turawa? Ku ɗan ba ni aron kunnenku, domin ni abin da ya ja hankalina shi ne lissafin da ake yi duk mako kafin a sallami mutum. Duk mai bin gasar da ake kaɗa ƙuri'a ta waya zai ƙaru da shi.

Ga yadda abin yake. Ana ɗauko sanannun mutane, 'yan fim, 'yan wasa, 'yan jarida, har da tsofaffin 'yan siyasa, a haɗa kowanne da ƙwararren ɗan rawa ko 'yar rawa. Kowane mako a ba su sabuwar rawa su koya cikin 'yan kwanaki: yau tango, mako mai zuwa samba ko ca-ca-ca. Ranar Asabar da dare su fito kai tsaye gaban alƙalai huɗu, kowane alƙali ya ba da maki daga 1 zuwa 10, iyakar abin da za ka samu 40 ke nan. Cikin alƙalan akwai Craig Revel Horwood, wanda yake nan tun farkon gasar, kuma ya yi suna wajen rowar maki. Akwai kuma Motsi Mabuse, 'yar asalin Afirka ta Kudu.

To a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Makin nan na alƙalai ba shi ake tarawa da ƙuri'ar jama'a kai tsaye ba. Jeri ake yi da shi. Mu ce saura mutum goma a gasa. Wanda ya zo na ɗaya a wurin alƙalai sai a ba shi 10, na biyu 9, haka har na ƙarshe ya tashi da 1. Sai a yi wa ƙuri'ar 'yan kallo irin wannan jerin, a haɗa biyun. Mutum biyu da suka zo ƙasa su ne za su sake taka rawar, alƙalai su zaɓi wanda zai tsira.

Yanzu ku yi lissafin tare da ni. Wani ya yi rawa ba yabo ba fallasa, ya zo na biyar, yana da 6. 'Yan kallo suka manta da shi, ya samu 1, jimilla 7. Wani kuma ya yi ta tuntuɓe, alƙalai suka ajiye shi a ƙarshe da 1, amma ya ba mutane dariya ko tausayi, suka yi masa ruwan ƙuri'a, ya samu 10, jimilla 11. Kun ga wanda bai iya ba ya wuce lafiya lau, wanda ya fi shi kuma yana can yana gumi. Shi ya sa nake cewa tsakiya ne wurin haɗari. Na sama ana zaɓensa don ya burge, na ƙasa ana zaɓensa don a cece shi, shi kuwa na tsakiya kowa yana ɗauka wani zai zaɓe shi.

Wannan ya faru a zahiri. A 2008 akwai wani tsohon ɗan jaridar siyasa, John Sergeant. Bawan Allah nan rawa dai ba ta karɓe shi ba, alƙalai kullum suna jefa shi ƙasa, jama'a kuma kullum suna tsamo shi, ana ta sallamar waɗanda suka fi shi. Surutu ya yi yawa har jaridu suka ɗauka. Ƙarshe shi da kansa ya janye daga gasar a watan Nuwamba, saboda ya ga alamar idan aka ci gaba a haka zai iya cinye ta.

A wannan shekarar dai lissafin ya sake ba BBC kunya, a zagayen kusa da na ƙarshe. Saura mutum uku. Rachel Stevens da Lisa Snowdon suka yi kunnen doki a sama, kowacce ta samu 3, Tom Chambers ya samu 1. Ko da duk ƙasar shi ta zaɓa, iyakarsa 4, dole ya faɗa cikin biyun ƙasa, ga shi kuma mutane suna ta kashe kuɗin waya suna zaɓensa. Da aka farga, sai aka wuce da su ukun gaba ɗaya zuwa zagayen ƙarshe. Kun san wa ya ci? Tom ɗin nan.

Wani abin da ban dariya, sakamakon da ake nunawa ranar Lahadi tun daren Asabar ake naɗarsa. Don haka duk mako sai ka ga an fallasa sunan wanda aka cire a intanet kafin a haska shirin.

Ni a ganina alƙalai sun fi ƙarfi a tsakiyar gasa, domin su ke yanke hukunci tsakanin biyun ƙasa, amma ba za su iya taɓa wanda jama'a suka ɗaga ba. A daren ƙarshe kuwa, yadda ake yi a shekarun nan, makinsu shawara ce kawai, ƙuri'a ce ke ba da kofi. Kuma kar a ce jama'a kullum shirme suke zaɓa. A 2021 Rose Ayling-Ellis, wadda kurma ce, ta ci gasar. A ɗaya daga cikin makonnin aka katse kiɗan ana tsakiyar rawa, ita da abokin rawarta suka ci gaba cikin shiru na 'yan daƙiƙu, don mutane su ɗanɗana yadda take ji. A 2022 Hamza Yassin, mai ɗaukar hoton namun daji haifaffen Sudan, shi ya ɗauka. A 2024 kuma Chris McCausland, makaho, wanda sai dai ya koyi kowane taku ta hanyar bayani da taɓawa. Kafin su, a 2016, Ore Oduba, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, shi ma ya ci.

Don haka idan kun ga gajeren bidiyon gasar a TikTok ko YouTube, kun ga an daga wa wani 10 har sau huɗu, wannan rabin makinsa ne kawai na makon. Ku faɗa min a ƙasa: da ku ne masu tsara gasar, za ku bar ta rabi da rabi, ko za ku ƙara wa alƙalai ƙarfi? Sai mun haɗu a shiri na gaba.