Ƙato ko ɗan tsurut: wa zai riga kai hannu?

Ranar Asabar da ta wuce, bayan sallar isha'i, musu ya kaure a teburin wani mai shayi a unguwar Yelwa da ke Garwa. Ba siyasa ba ce, ba kuma ƙwallon Coton Sport ba. Samari ne suka gama kallon fassarar Hausa ta Baahubali a waya ɗaya, sai suka rabu gida biyu a kan fagen yaƙin ƙarshe: da a ce gaske ne, tsakanin jarumin da ƙaton shugaban abokan gaba wa zai riga kai hannu?

"Haba yaya, ai ƙato kafin ya ɗaga hannu an zuba masa uku," in ji wani ɗan siririn yaro.

Wanda ya kira yaya ya ajiye kofi. "Uku ɗin me? Ya bari ka iso inda yake tukuna?"

Duk abin da aka faɗa a daren nan, wannan tambayar ce ta fi nauyi. Mu masu kallo mun saba ɗauka cewa sauri a hannun jarumi yake. Alhali rabinsa a ƙasa yake, a filin da ke tsakaninsa da abokin karawarsa.

Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da jiki ya motsa, lafiyayyen mutum na cin kusan sakan 0.2, wato kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Horo na rage shi kaɗan, amma akwai iyaka. Shi ya sa a gasar tseren duniya, wanda ya zabura kafin sakan 0.1 ya cika bayan harbin bindiga ana ɗaukarsa ya yi riga-malam-masallaci, don an san ba ƙarar ya ji ba.

To, ka riƙe wannan 0.2 ɗin mu yi lissafi. Harsashin AK-47 na fita da gudun sama da mita 700 a sakan. In mai harbi na nesa da kai mita 10, harsashi ya iso cikin sakan 0.014. Jarumin da ke lanƙwashe baya harsashi ya wuce ta saman ƙirjinsa, a gaskiya kafin ƙwaƙwalwarsa ta san an harba an riga an gama da shi sau goma sha wani abu. Kibiya kuwa daban ce. In tana tafiyar mita 50 a sakan aka harbo ta daga mita 30, kana da sama da rabin sakan, ya isa ka ɗaga garkuwa. Don haka littattafan yaƙi irin su Iliya Ɗan Maiƙarfi, da barden da ke kare kibau, sun fi finafinan yanzu kusa da gaskiya.

Ƙasar nan tamu ta ga wannan lissafi da jini. A watan Nuwamban 1901 a nan Garwa, sannan a Miskin kusa da Marwa a Janairun 1902, dawakan Lamiɗo Zubairu da na magoya bayansa sun kara da 'yan tsirarun sojojin Jamus. Ba jarumta mahayan suka rasa ba. Doki a sukuwa na bukatar wajen sakan 20 kafin ya cinye mita 300, mashingar wancan zamani kuma na iya aman harsashi 500 zuwa 600 a minti. Tazarar da a dā mahayi ke amfani da ita ya tara ƙarfin sukuwa, ita ce ta zama kabarinsa.

Mu koma kan ƙato. Me ya sa a fim kullum yake jan jiki kamar an ɗaura masa dutse? Da farko dai dabarar kyamara ce. Tun fim ɗin Godzilla na 1954, Japanawa kan ɗauki hoton dodon da sauri sannan su haska shi a hankali, don ido ya yarda cewa abu ne mai nauyi. Masu finafinan kung fu na Hong Kong kuma suka yi akasin haka, suna rage adadin hotunan da kyamara ke ɗauka a sakan, sai naushi ya fito kamar walƙiya. Idonmu ma na taimaka musu: jirgin da ke shirin sauka a filin jirgin Garwa, daga nesa sai ka rantse rarrafe yake, alhali ya fi kowace mota a hanyar Ngaundere gudu.

Amma ba duka ne ƙarya ba. Tun 1638 Galileo ya bayyana cewa in aka ninka tsawon halitta sau biyu, nauyinta sau takwas yake ninkuwa, ƙarfin ƙashi da tsoka kuwa sau huɗu kacal. Mutum mai kilo 70 in ya zama ƙato mai mita uku da rabi, zai kai kilo 560, da ƙafafun da ba su kai ɗaukar wannan kaya ba. Robert Wadlow ɗan Amurka, mai tsawon mita 2.72, da ƙarafa a ƙafa yake tafiya. Bai cika jin abin da ke taɓa ƙafarsa ba, har ƙarfen ya ji masa ciwon da ya yi ajalinsa a 1940 yana da shekara 22. Sannan saƙo a jijiya ba ya ƙara gudu don jiki ya girma. Mafi saurinsa bai wuce mita 120 a sakan ba, ko a ɓera ko a giwa. Raƙumin dawan Waza in ya taka ƙaya, labari na daɗewa a hanya kafin ya isa kai.

Sai dai kada wani ya ji haka ya je yi wa dorina wasa a bakin Binuwai. Jinkirin juyawa daban, gudu daban. Tana iya kai kilomita 30 a awa a tudu, masunta sun sani.

Abin da girma ke saya wa mai shi shi ne tazara. Dogon hannu na taɓa ka daga inda naka bai kai ba, kuma kowane taku da za ka yi don ka shiga, lokaci ne ka ba shi kyauta. A 2009 David Haye ya doke Nikolai Valuev, ɗan Rasha mai mita 2.13 wanda ya fi shi da kilo sama da 40, amma da maki ya ci, bayan turmi 12 yana shiga yana fita kamar mai ɗibar wuta. Namu Francis Ngannou ya kai Tyson Fury ƙasa a turmi na uku a Riyadh a 2023, duk da Fury ya fi shi tsawo, a daidai lokacin da Fury ya matso da kansa. 'Yan damben gargajiya ba su jira wani Bature ya koya musu wannan ba. Ka lura da hannun da ba a naɗe ba, wanda ake miƙawa gaba da tafi a buɗe. Sunansa garkuwa, amma rabin aikinsa awo ne. Kuma gogaggen ɗan dambe ba dunƙulen hannu yake kallo ba, don in ya taso daga kusa an makara. Kafaɗa da ƙugu da ƙafa yake karantawa. Ko Gizo na tatsuniya, da ya haɗa giwa da dorina ja-in-ja, doguwar igiya ya nema, bai yarda ya tsaya kusa da kowa ba.

Dalilin da ya sa na ɗauki musun samarin nan da muhimmanci shi ne ɗan maƙwabcina. Bara aka yi rigima a kan kuɗin babur, wani ya zaro wuƙa, shi kuwa ya tsaya taku uku daga gare shi yana jiran a kawo sara ya goce, ya kama hannu, kamar yadda ya gani sau ɗari a waya. Allah ya sa da sauran kwana, amma har yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa. A 1983 wani ɗan sandan Amurka, Dennis Tueller, ya nuna cewa mai wuƙa na iya cinye mita shida da 'yan kai cikin sakan ɗaya da rabi, daidai lokacin da horarren ɗan sanda ke bukata ya zaro bindiga ya harba. Wannan mita shida ke nan. Taku uku fa?

Da na ba su wannan labari a teburin, ɗan siririn ya yi shiru, can ya ce, "To Baba, shi Baahubali ai ba irinmu ba ne." Mai shayi ya ce shi dai kowa ya biya kuɗin madararsa, zai tashi.