Fina-finan zamiya a kan ƙanƙara: Daɗin kallo da rayukan da suke ci

Gari ne da ke kan gangare, sama ta yi duhu, dusar ƙanƙarar da ke gefen titi ta yi dauɗa. Sai ga wani mutum ya ɓullo daga bayan gidaje, ƙafafunsa ɗaure a kan dogayen alluna biyu. Ya tsallake motar da aka ajiye a ƙofar gida, ya gangara ta kan matattakala, ya ratsa kwaltar da ba ta da ƙanƙara har tartsatsin wuta na tashi a ƙarƙashinsa. Da ya kai ƙasan gari sai ya cire allunan ya shiga motar bas kamar wanda ya taso daga aiki.

Wannan wani yanki ne na kusan minti biyar daga fim ɗin All.I.Can, wanda kamfanin Sherpas Cinema na ƙasar Kanada ya fitar a 2011. An ɗauke shi a garuruwan Trail da Rossland da Nelson, kuma har yau masu sha'awar wasan na sanya shi cikin mafiya kyau da aka taɓa ɗauka.

Mutumin da ke kan allunan sunansa JP Auclair. Shekara uku bayan fitowar fim ɗin, a ranar 29 ga Satumban 2014, dusar ƙanƙara ta zaftaro masa a tsaunin San Lorenzo da ke iyakar Chile da Ajantina, ta kashe shi tare da abokin tafiyarsa ɗan ƙasar Siwidin, Andreas Fransson. Sun je wurin ne domin ɗaukar wani fim. Shekarunsa 37.

Daɗin waɗannan fina-finai da haɗarinsu daga tushe ɗaya suke: abin da ido ya gani da gaske ya faru.

Mene ne wasan, kuma me ya sa yake da kakarsa?

Wasan da Turawa ke kira ski zamiya ce a kan dusar ƙanƙara. Mutum na ɗaura allo mai tsawo a kowace ƙafa, ya riƙe sanda a kowane hannu, ya saki jiki daga saman tsauni zuwa ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin yara na sulu a kan gangaren dutse da fasasshiyar jarka ya fahimci rabin abin. Sauran rabin shi ne sanyi, da gudu, da tsayin wurin.

A Amurka da Kanada da Turai, fina-finan wasan suna da kakarsu kamar amfanin gona. Ana ɗaukar su a hunturu, a tace su da bazara, sannan daga watan Satumba zuwa Disamba a zaga da su gari-gari kafin sabuwar ƙanƙara ta sauka. Jama'a na cika ɗakunan kallo suna ihu da tafi, ana rabon kyaututtuka, kusan kamar gidan kallon ƙwallo ranar babban wasa.

Wanda ya kafa wannan al'ada shi ne Ba'amurke Warren Miller. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shi da wani abokinsa sun yi hunturu suna kwana a cikin ƙaramar tirela a wajen ajiye motoci na Sun Valley da ke jihar Idaho, suna ɗaukar juna da ƙaramar kyamara. A 1950 ya fara zagayawa da fim ɗinsa na farko, Deep and Light, yana tsayawa a gaban 'yan kallo yana ba da labarin da bakinsa, yana haɗawa da barkwanci. Miller ya rasu a Janairun 2018 yana da shekara 93, amma kamfanin da ke ɗauke da sunansa bai daina fitar da fim duk shekara ba.

Daga baya wasu sun shigo, irin su Matchstick Productions a jihar Colorado da Teton Gravity Research a jihar Wyoming. Waɗanda suka kafa na biyun da kuɗin da suka tara a kamun kifi a tekun Alaska suka sayi kayan aikinsu na farko.

Sai dai a faɗi gaskiya, ba duk abin da ke fitowa a kakar ne ya cancanci datar mutum ba. Da yawa tsalle ne bayan tsalle, kiɗa bayan kiɗa, ga tambarin kamfanonin da suka ɗauki nauyi a kowace kusurwa. Minti ashirin na farko tsikar jiki na tashi, daga nan sai hamma. Waɗanda ke zama a zuciya su ne masu mutum a ciki, wanda za a san halinsa, a ji tsoro dominsa.

Inda daɗin yake

Abu na farko shi ne babu dabarar kwamfuta. A fim ɗin faɗa, kowa ya san jarumi ba zai mutu ba, kuma akwai igiyar da aka goge. A nan babu igiya. Idan aka ga mutum ya zama ɗan ɗigo a jikin farin tsauni a Alaska, ƙanƙarar da ya tayar tana bin sa a baya kamar ambaliya, to lallai gudun ceton rai yake yi. Sau da yawa ayarin masu ɗaukar fim na shafe kwanaki a zaune suna jiran sama ta washe, jirgi mai saukar ungulu ya kai ɗan wasa ƙololuwa, duk saboda gangarowar da ba ta kai minti ɗaya ba. In ya faɗi ko haske ya ɓaci, wurin ya lalace, domin sawun farko kawai ake so.

Na biyu kyamara ce. Tun da ƙananan kyamarori irin su GoPro suka samu, mai kallo ya daina zama ɗan kallo kawai, ya koma cikin hular ɗan wasan. Babu wanda ya ci moriyar wannan kamar Bafaranshe Candide Thovex, wanda ya karya ƙashin bayansa a 2007 aka ɗauka ya gama, sai ya dawo. Jerin gajerun bidiyonsa masu suna One of Those Days, da ya ɗauka a tsaunukan La Clusaz inda ya tashi, ba su da magana ko kiɗa. Ƙarar iska ce kawai da ta alluna, yana kutsawa tsakanin bishiyoyi, yana tsallake kan mutane. A 2018 ya fito a wani tallan motar Audi inda ya yi zamiya a kan tudun rairayi, da ciyawa, da Babbar Ganuwar China, ba tare da ƙanƙara ba. Talla ne, amma an fi tuna shi fiye da cikakkun fina-finai da yawa.

Na uku kuwa raha ce, kuma a nan ne ya kamata a ɗan tsaya.

Shane McConkey

Idan mutum zai kalli guda ɗaya tak, to ya nemi McConkey, wanda ya fito a 2013. Labarin Shane McConkey ne, haifaffen Kanada da ya yi rayuwarsa a Amurka, wanda ya haɗa gwaninta da shaƙiyanci. Yana da wata shiga ta wawa da ya raɗa wa suna Saucer Boy, inda yake gangarowa a kan faifan roba yana kwaikwayon 'yan wasan da ke ji da kansu.

Amma wawan nan shi ya sauya fasalin allon zamiya. Ya lura cewa sabuwar dusar ƙanƙara mai laushi ta fi kama da ruwa, don haka ya ce allon ya kamata ya yi faɗi, bakinsa ya lanƙwashe sama kamar na masu zamiya a kan ruwa. Har ya ɗaura allunan ruwa ya gangaro da su daga wani tsauni a Alaska don ya nuna wa masu musu. A 2002 aka ƙera allon da ya zana mai suna Spatula, kuma yau akasarin allunan da ake shiga ƙanƙara mai laushi da su sun ɗauki wani abu daga wannan tunani.

Tun yana yaro wani fim ɗin James Bond ya shiga ransa, The Spy Who Loved Me na 1977, wanda a farkonsa Bond ke zamiya har bakin wani dutse ya faɗa sarari, sannan laimar sauka ta buɗe. Wani mai suna Rick Sylvester ne ya yi wannan tsalle da gaske a tsaunin Asgard da ke arewacin Kanada. McConkey ya mayar da irin wannan tsalle sana'a, daga baya ya ƙara da rigar nan mai fukafukai.

A ranar 26 ga Maris ɗin 2009, a tsaunukan Dolomite na Italiya, ya yi tsalle kamar yadda ya saba. Tsarin shi ne ya saki allunan a sama kafin ya buɗe fukafukan. Suka ƙi sakuwa a kan lokaci. Kafin ya rabu da su ƙasa ta riga ta iso. Ya bar mata da 'ya mai shekara uku, yana da shekara 39.

Fim ɗin bai ɓoye komai ba. Ana dariya da shi kusan har ƙarshe, sannan a ga matarsa da abokan da ke wurin suna magana. Bai yanke wa mamacin hukunci ba, bai kuma wanke shi ba. Mai kallo ne zai tashi da tambayar ko uba yana da ikon yin caca da ransa haka, da kuma ko tafin 'yan kallo na cikin abin da ke tura su.

Haɗarin ba na masu tsalle da laima kaɗai ba ne. A Amurka kawai, zaftarewar ƙanƙara na kashe mutum 25 zuwa 30 a yawancin shekaru. Ta fi faruwa a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 zuwa 45, wato daidai irin wanda ya fi daɗin zamiya kuma ya fi kyau a hoto. Wanda ta binne, in ba a tono shi cikin kimanin minti 15 ba, damar rayuwarsa na raguwa da sauri. Shi ya sa kowa ke ɗauke da na'urar gano wuri da shebur da sandar lalube.

Manyan tsaunuka

Akwai wani rukunin da ba ruwansa da tsalle ko ado, na masu hawa tsaunukan da suka fi kowanne tsayi da ƙafa sannan su gangaro a kan alluna. Kakansu shi ne The Man Who Skied Down Everest, wanda ya ci kyautar Oscar a 1976. Ɗan Japan Yuichiro Miura ne ya saki jiki daga kusa da mita 8,000 a watan Mayun 1970, da laima a bayansa a matsayin birki. Ya yi kusan mita 2,000 cikin minti biyu da daƙiƙa 20, ya faɗi, ya ci gaba da mirginawa, ya tsaya ƙiris kafin wani wawakeken rami. Ya tsallake rijiya da baya. 'Yan ƙabilar Sherpa shida da ke ɗaukar wa ayarin kaya ba su tsallake ba, kuma sunan Miura ne kawai duniya ta riƙe.

Na zamani da ya fi kama hankali shi ne K2: The Impossible Descent. K2 da ke iyakar Pakistan da China tsayinsa mita 8,611 ne, shi ne na biyu a duniya, kuma ya fi Everest wuyar hawa. A wurin Andrzej Bargiel ɗan ƙasar Poland, kaiwa ƙololuwa hangen Dala ne kawai. Ranar 22 ga Yulin 2018 ya hau ba tare da tulun iskar shaƙa ba, sannan ya gangaro har ƙasa a kan alluna cikin sama da awa bakwai, abin da ba a taɓa yi ba. Ɗan'uwansa Bartek na ƙasa yana bin sa da jirgi marar matuƙi yana duba masa hanya. Da wannan jirgin ne, kwanaki kaɗan kafin nan, aka hango wani ɗan Birtaniya da aka fitar da rai da shi a tsaunin Broad Peak da ke kusa, aka ceto shi.

Mata ma suna ciki. Gajeren fim ɗin Lhotse ya nuna yadda Ba'amurkiya Hilaree Nelson da abokin zamanta Jim Morrison suka zama na farko da suka gangaro daga ƙololuwar Lhotse mai mita 8,516 a 2018. Nelson, uwar yara biyu, ta rasu a Satumban 2022 lokacin da take gangarowa daga Manaslu a Nepal.

Ga wanda ya fi son labari

Wanda ba ya son zuciyarsa ta yi ta dukan uku-uku yana da Eddie the Eagle na 2016, labarin Michael Edwards, mai aikin filasta ɗan Birtaniya mai kaurin tabarau, wanda ya je gasar Olamfik ta hunturu a Calgary a 1988 ya zo na ƙarshe a tsalle biyun da ya shiga, amma jama'a suka so shi fiye da wasu masu lambar zinare. An ƙara gishiri, domin kocin da Hugh Jackman ya fito a matsayinsa ƙirƙirarre ne, sai dai fim ne mai faranta rai.

Force Majeure na 2014 kuwa ba ya faranta wa maza rai. Wani magidanci na cin abinci da iyalinsa a wurin shaƙatawa a tsaunukan Faransa, sai ga ƙanƙara ta taho. Ya suri wayarsa ya ranta a na kare, ya bar mata da yara biyu. Ƙanƙarar ba ta iso su ba, babu wanda ya ji ciwo, sai ya dawo ya zauna kamar ba a yi komai ba. Sauran fim ɗin a kan yadda zai kalli idon matarsa ne. Daraktan, Ruben Östlund ɗan Siwidin, wanda daga baya ya ci babbar kyautar bikin Cannes sau biyu, da ɗaukar fina-finan zamiya ya fara sana'a.

Gajerun bidiyon Thovex da yankin Auclair suna YouTube, kuma kowannensu bai kai tsawon jiran shayi ya huce ba. A 2017 masu shirya All.I.Can suka sake yin wani irinsa mai suna Imagination domin tunawa da Auclair: yaro ne zaune a bayan motar iyayensa, yana leƙe ta taga, yana ganin wani mai alluna yana bin su ta kan rufin gidaje da shinge.