Lambar Taitireshan Ba a Aro Ta

Duk shekara, da zarar jarrabawar WAEC ta kankama, akwai daren da ɗaliban kimiyya na ajin ƙarshe ba sa runtsawa, wato jajibirin firaktikal na kemistiri. Da a ce karatu ne ke hana su barci, da an yi musu addu'a. Waya ce. Daga Kankiya zuwa Kusada, kamar sauran garuruwan ƙasar nan, tambaya ɗaya ke yawo a WhatsApp: "Lamba ta fito?" Can tsakar dare wani da ba a san ko ɗan gidan wane ne ba ya turo lambobi uku, ya ce su ne amsar taitireshan ta gobe, wani lokaci ma har da neman ɗan na kati. Yara su kwafe a tafin hannu ko a gefen hijabi, su kwanta da murna.

Wannan shirme ya isa haka, kuma abin haushin shi ne har da manya a masu yarda da shi.

Taitireshan dai awo ne. Ana da ruwan sinadari iri biyu, an san ƙarfin ɗaya, ana neman na ɗayan. Sai a ɗebi adadi sananne na guda da fifet, wato bututun gilashi na ɗibar ruwa, a zuba a filas, wato kwalbar haɗawa, a ɗiga masa ruwan launi, sannan a riƙa sako ɗayan daga buret, wata doguwar kwalba siririya mai zanen awo, har launin ya juya. Adadin da aka sako kafin juyawar shi ne lambar da ake ta kwana a kanta. Duk matar da ta taɓa jefa kanwa kaɗan-kaɗan a miyar yakuwa tana ɗanɗanawa har tsamin ya mutu ta san asalin abin. Bambancin kawai shi ne a ɗakin gwaji ba a sa harshe, ido da awo ke yanke hukunci.

Yanzu ga inda ƙaryar masu turo lamba take. Babu wata lamba ɗaya da ta hau kan Nijeriya duka, ko kan Jihar Katsina, ko ma kan makarantu biyu da ke kallon juna a gari ɗaya. Hukumar jarrabawa ba ta aiko da ruwan a kwalba daga Legas. Umarni take aikowa a rubuce, malamin kemistiri na kowace makaranta shi ke haɗa nasa ruwan da kayan da ke ɗakinsa. Wani kwalbar asid ɗinsa sabuwa ce, wani tasa ta shekara da shekaru a kan kanta. Sodiyam haidurokusaid, wanda ake yawan amfani da shi a matsayin kishiyar asid, yana tsotse laima da iskar kabon daga sarari da zarar an buɗe murfinsa, ƙarfinsa ya ragu. Ma'aunin wannan makaranta ba lallai ya yi daidai da na waccan ba. Sannan ga fifet: wata mai ɗaukar santimita kubik 25 ce, wata 20. A misali, idan ruwan da aka ɗiba da mai 25 ya ci asid 24.60, ruwan nan dai da aka ɗiba da mai 20 zai ci kusan 19.70 ne. Yaron da ke riƙe da fifet mai 20 ya rubuta 24.60 saboda haka ya gani a waya, ya riga ya kai ƙarar kansa.

Saboda wannan bambanci ne ake sa malamin kowace cibiya ya yi nasa taitireshan, ya rubuta abin da ya samu a takardar rahoto da ke tafiya tare da takardun ɗalibai. Mai makin da wannan yake gwada amsar yaro. Lambar da ta fito daga wata makaranta a Ibadan ba ta da amfanin komai a Kusada.

To, sai wani ya ce, ai shi ke nan, sai malam ya ba mu tasa. Nan ne cutar ta fi zurfi. A wasu makarantu yaro ba ya taɓa buret sai ranar jarrabawa. Ya shiga, ya ga gilasai a jere, ya ɗan jujjuya famfon don idon mai sa ido, ya jira a raɗa masa lamba, ya ƙara ɗigo biyu a ƙarshenta don kada ta yi kama da ta maƙwabcinsa. Malam yana ganin taimako ya yi, shugaban makaranta yana ganin sakamako zai yi kyau, uba yana ganin ɗansa ya ci kiredit. Abin da yaron ya koya a wannan safiya guda ɗaya ne: ana iya rubuta sakamakon gwajin da ba a yi ba, a sa hannu, a wuce.

Ina wannan yaro zai je? Ba nesa ba. A cikin garin Kankiya akwai makarantar horar da ma'aikatan lafiya. Ga Jami'ar Tarayya a Dutsin-ma, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, wadda mai sunanta ma malamin kemistiri ne kafin ya shiga siyasa, kuma digirinsa na biyu daga Jami'ar Ahmadu Bello a kan binciken sinadarai ne. Daga waɗannan wurare ake fitar da masu duba jini, masu haɗa magani, masu auna ruwan sha da abinci. Gishirin da ke kicin ɗin kowa misali ne. Tun 1993 dokar Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci don maganin maƙoƙo da daƙushewar ƙwaƙwalwar yara, kashi 50 cikin miliyan a masana'anta, 30 a wurin mai sayarwa. Da me ake tabbatar da adadin? Da taitireshan. A narka gishirin, a saki aidin ɗin da ke ciki, a zuba sitaci ruwan ya koma shuɗi, a riƙa ɗiga wani sinadarin har shuɗin ya ɓace. Idan mai riƙe da buret ɗin ya saba da aron lamba tun yana ɗan shekara sha bakwai, wa zai hana shi yau?

Kuma an ga abin da rashin gwajin gaskiya ke jawowa. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a ƙasar nan, wasunsu a asibitin koyarwa na Zariya aka kwantar da su. Wani sinadari mai lalata ƙoda ne ya shiga madadin wanda ya kamata, ido kuwa ba ya bambance su. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, yara suka yi ta faɗuwa da jijjiga ana ɗora wa zazzaɓi, sai da aka auna jini da ƙasa aka gane gubar dalma ce daga dutsen zinare da ake niƙa a cikin gidaje. Aƙalla yara 400 suka rasu. Waɗannan gwaje-gwaje da na'urori ake yin su, ba da buret ba, amma tarbiyyar ɗaya ce, kuma a kan teburin sakandare ake samun ta ko a rasa ta.

Gaskiya ne akwai ƙarancin kaya da na malamai. Amma wannan ba hujja ba ce ta barin gilasai a kulle a kabad shekara uku don tsoron kada su fashe.

Malamin da ke son yara su koya ba sai ya jira kwalaben kanti ba. Ruwan zoɓo ja ne cikin tsami, yana rikiɗa ya yi duhu-duhun kore idan ya haɗu da kanwa ko ruwan toka. Da shi, da lemon tsami, da sabon sirinji marar allura a madadin buret, ɗan aji huɗu zai ga juyawar launi da idonsa ya ƙidaya ɗigo. Ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta, bayan an bar na farko ya wanke kwano, yana isa atisaye a matsayin ruwa zalla. In an zo aji biyar sai a fito da buret na gaske, ko guda biyar ne, a raba yara rukuni-rukuni, a tabbata kowa ya riƙe famfon da hannunsa, musamman 'yan mata da samari kan ture gefe su ce su riƙe biro. Ƙungiyar iyaye da malamai da ta iya tara kuɗin walimar yaye ɗalibai za ta iya sayen fifet goma.

Ga ɗalibi kuwa, abin ba tsafi ba ne. Ya ɗauraye buret da asid ɗin da zai zuba a ciki, fifet da ruwan da zai ɗiba, filas kuma da ruwa zalla. Ya kori kumfar iska daga bakin buret, ya cire mazurari kafin ya karanta awo. Ya daidaita idonsa da saman ruwan, ya karanta daga ƙasan lanƙwasar. Ruwan launi ɗigo biyu ko uku ya isa. Masu tuttula shi don ya yi kyau suna ɓata wa kansu aiki. Ya sa farar takarda a ƙarƙashin filas, hagu a famfo, dama tana kaɗawa. In ruwan launin metil oranj ne, ruwan zai tashi daga ɗorawa zuwa ruwan lemo, in ya kai ja sosai an zarce. Zagayen farko na lalube ne, daga na biyu sai a tafi ɗigo-ɗigo in an kusa, domin ɗigo ɗaya kusan santimita kubik 0.05 ne. A rubuta da biro nan take, lamba biyu bayan ɗigo, kuma a ɗauki matsakaicin waɗanda tazararsu ba ta wuce 0.20 ba. Lissafin da ke biye ma yana da makinsa, haka tambayar gane sinadarai, inda ake son a rubuta abin da aka gani: gari-gari shuɗi, ko kore, ko launin tsatsa.

Uba ko uwa ba sai sun san kemistiri ba. Tambaya ɗaya ta isa tun yaro yana aji biyar: "Kai da hannunka, ka taɓa yin taitireshan?" In ya ce a'a, a je makarantar a yi sallama da shugaba tun da sauran shekara guda. A kuma ja kunnen yara masu ɗokin gwadawa: asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid mai ƙarfi, ba a ɗanɗana komai, kuma in ya fallatsa a fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa na tsawon minti goma sha biyar kafin a nufi asibiti.