Matsalolin Ƙaurar da Ƙarfen Zubin Roba daga Wata Masana'anta zuwa Wata

1.0 Gabatarwa

Galibin kayan robar da ake sayarwa a kantunan Ƙofar Gayan cikin birnin Zariya, irin su bokiti da kofi da kujera, da ma sirinjin da ake allura da shi a Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke nan unguwar, duk hanya ɗaya ake bi wajen ƙera su. Ana narka ƙwayoyin roba ne a cikin inji, sannan a tura ruwan da ƙarfi cikin wani ƙarfe mai ɓari biyu wanda aka sassaƙa siffar abin a cikinsa. Shi ne za mu kira ƙarfen zubi. John Wesley Hyatt na Amurka ya yi rajistar injin farko na wannan aiki a 1872.

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana abin da ke faruwa idan mai ƙarfen zubi ya ɗauke shi daga wata masana'anta ya kai wata. A ɗauka wani ɗan kasuwa na Ƙofar Gayan ya sa an sassaƙa masa ƙarfen murfin bokiti, ana buga masa a Sharaɗa ta Kano, sai farashi ko jinkiri ya sa ya yi niyyar komawa Bompai. Za a nuna cewa ɗora ƙarfen a mota shi ne mafi sauƙin aikin. Wuyar tana ga abubuwa uku, watau mallaka, da dacewa da inji, da kuma sanin saiti.

2.0 Mallaka

Sau da yawa ɗan kasuwa ne ke biyan kuɗin sassaƙa ƙarfe, amma ƙarfen yana zaune a hannun masana'anta. Idan babu rubutacciyar yarjejeniya, masana'anta tana iya riƙe shi saboda bashi, ko ta ce tana da haƙƙi a kansa domin gyare-gyaren da ta yi masa. Kamfanin Airfix na Ingila, mai yin jiragen wasa na roba, ya ɗanɗana wannan. Ƙarafan zubinsa suna masana'antar Heller a garin Trun na Faransa lokacin da Heller ta durƙushe a 2006. Kaya suka daina fitowa, a watan Agusta kuwa uwar kamfanin, Humbrol, ita ma ta faɗi, har kamfanin Hornby ya saye Airfix a watan Nuwamba na shekarar. Saboda haka wajibi ne a rubuta sunan mai ƙarfe da lamba a jikinsa, a kuma fayyace sharuɗɗan ɗauke shi tun ranar da aka kai shi.

3.0 Dacewa da Inji

Ba kowane inji ne ke karɓar kowane ƙarfe ba. Da farko, dole ƙarfen ya shiga tsakanin sandunan nan huɗu na injin, bakinsa ya dace da bututun da ke turo roba, ramukan da ake tunkuɗo kaya ta cikinsu su yi daidai da na injin. Injunan Amurka da na Turai ba ma'auni ɗaya suke bi ba a nan.

Na biyu, akwai ƙarfin matsa. Ruwan roba yana ƙoƙarin buɗe ɓarin nan biyu, don haka sai inji ya danne su. Bisa ƙiyasi, ana bukatar kimanin rabin tan ga kowace murabba'in santimita ta fuskar kaya. Murfi mai faɗin santimita 30 fuskarsa ta kai murabba'in santimita 707, ke nan yana bukatar inji mai ƙarfin tan 350 ko kusa da haka. In aka ɗora shi a kan mai tan 200, roba za ta tsattsafo ta gefe, murfi ya fito da geza.

4.0 Sanin Saiti

Wannan shi ne abin da aka fi mantawa. Ma'aikacin da ya shekara da ƙarfe ya san zafin da ya dace da shi, da saurin turi, da tsawon lokacin da ruwa zai sanyaya shi. Yawanci wannan ilimi yana kansa ne, ba a takarda ba. Ko an kwafe lambobin ma, ba lallai su yi aiki ba, domin girman bututun wani inji ya bambanta da na wani.

Har ila yau, roba tana motsewa idan ta huce, kuma kowace iri da nata gwargwado. Polifurofilin, irin wadda masana'antar Eleme ta Jihar Ribas ke yi, tana motsewa da kashi 1 zuwa 2.5 cikin 100. Idan sabuwar masana'anta ta sauya iri aka sami bambancin kashi 1 kacal, murfin nan zai ragu da milimita 3, ya ƙi rufe bokitinsa. Kamfanin Lego na Denmak ya miƙa yawancin aikin zubinsa ga Flextronics a 2006, amma a 2008 ya ba da sanarwar karɓe shi. Cikin darussan da ya koya akwai muhimmancin rubuta kowane mataki na aiki.

5.0 Kammalawa

Kafin ƙarfe ya tashi, ya kamata mai shi ya sa a buga masa kayan da za su ishe shi ciniki muddar ƙaura, ya ajiye samfuri daga bugun ƙarshe, ya karɓi zanen ƙarfen da takardar saiti da tarihin gyara. A busar da hanyoyin ruwa, a shafa mai saboda tsatsa. In an isa, a yi bugun gwaji a auna da samfurin kafin a fara aiki gadan-gadan. Mu kuma da ke horar da malaman fasaha, ya dace mu sa ɗalibai su saba da rubuta saitin inji tun suna ɗakin koyon aiki, domin su kai wannan ɗabi'a makarantu da masana'antu.