Ƙera Na'urar Kiɗa a Gida da Allon Arduino: Mafita ga Matsalar Karin Sautin Hausa a Kiɗan Fiyano

Gabatarwa

Tun daga ƙarshen shekarun 1990, kiɗan fiyano ya mamaye waƙoƙin finafinan Hausa. Na'urorin Yamaha samfurin PSR su ne suka zama ƙashin bayan ɗakunan kiɗa na Kano, waɗanda da yawansu suka tattaru a Titin Gidan Zoo, daura da Gyaɗi-Gyaɗi. Manazarta irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi bayanin yadda wannan na'ura ta maye gurbin makaɗan gargajiya. Wannan maƙala ta dubi wani ɓangare na daban, wato yadda ƙera na'urar a gida zai iya warware wata matsala da fiyanon kanti ya zo da ita.

Matsalar

Amo yana samuwa ne daga kaɗawar iska. Idan ta kaɗa sau 440 a daƙiƙa, sannan aka ninka zuwa 880, an haura zango guda. Fiyano ya yanka wannan zango zuwa matakai 12 daidai wa daida, kowane mataki ya ɗara na ƙasansa da kusan kashi 6 cikin 100. Kayan kiɗan Hausa ba su bin wannan ƙa'ida. Makaɗin kalangu yana matse tsirkiya a hammatarsa yana sassautawa, amo ya hau ya sauka ba tare da yankewa ba. Haka mai goge yake zame yatsa a kan izga. Da wannan ne suke kwaikwayon karin sautin sama da na ƙasa da faɗau, wanda shi ke bambanta "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. Wasu fiyanonin suna da abin lanƙwasa amo, amma matakan nan 12 su ne tushen gininsu.

Yadda Ake Ƙera Ta

Arduino allo ne ɗan ƙarami mai ɗauke da ƙwaƙwalwar lantarki, wanda aka fara ƙerawa a garin Ivrea na Italiya a 2005 domin ɗalibai. Samfurin Uno yana aiki da wuta bolt 5, kuma yana bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa. Ana rubuta masa umurni a kwamfuta, a tura ta wayar USB. Allon yana kunna wuta yana kashewa cikin tsananin sauri a ɗaya daga ƙafafunsa. Razista da kafasito su tace wannan bugu, amfilifaya ta ƙarfafa shi, lasifika ta mayar da shi amo. Idan aka haɗa maɓallin murɗawa irin na rediyo, allon yana karanta matsayinsa da lamba daga 0 zuwa 1023. Ke nan mai ƙira yana da matakai 1024 da zai raba yadda ya so, har amo ya riƙa zamewa kamar na goge. Liƙin dalma da aikin yake bukata kuwa sana'ar yau da kullum ce ga masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre a Tarauni.

Iyakarta

Ma'ajiyar aiki ta Uno kilobait 2 ce kacal. Saboda haka tana iya bin hawa da saukar amon kalangu, amma ba ta iya fitar da kaurin muryar fatarsa. Haka kuma ba ta san take ko kirari ba. Wannan ilimi yana ƙirjin makaɗi.

Kammalawa

Kafin a rubuta wa allon umurni, sai an auna amon kalangu da goge da kukuma daga hannun masu su, an mayar da shi lambobi. Wannan aiki ne na masana harshe da kiɗan Hausa tare da makaɗan da suka rage. Idan ba a yi shi ba, matashin da ya ƙera na'urarsa a Hotoro matakan fiyano 12 ɗin zai sake zuba mata.